Yadda Ake Gane Ma'anar Kalmomin Turanci Masu Haruffa Iri Ɗaya

Bahaushe ba ya buƙatar ƙamus kafin ya fahimci cewa manomi, maƙeri da mahauci masu sana'a ne, domin ɗafin "ma" da ke farkonsu ya riga ya sanar da shi. Haka kuma ya san cewa mage da madara ba sa cikin wannan dangi duk da cewa da "ma" suka fara. Da wannan basirar ce ake karantar kalmomin Turanci masu haruffa iri ɗaya, kuma za mu bi hanyar da haruffa huɗu, wato port, waɗanda ɗaliban WAEC da JAMB ke cin karo da su kullum.

Da farko, a samu littafin rubutu a ware shafi guda ga waɗannan haruffa, sannan a tattara duk kalmar da aka gan su a cikinta, ko a jarida, ko a jikin kwalin kaya, ko a allon tashar mota: import, export, transport, deport, report, support, porter, portable, passport, portrait, portion, sport. Kada a tace komai tukuna, a zuba su yadda suka zo.

Mataki na biyu shi ne neman asalin haruffan. A mafi yawan waɗannan kalmomi, port ya fito ne daga kalmar Latin portare, wadda ke nufin ɗauka ko dako. Kalmomin Latin da yawa sun shiga Turanci ta hanyar Faransanci bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, wasu kuma malamai ne suka aro su kai tsaye daga baya. A rubuta "ɗauka" da manyan baƙaƙe a saman shafin.

Daga nan sai a raba kowace kalma gida biyu da biro, a dubi abin da ke gaban port ko bayansa, kuma a nan ne ya kamata a fi daɗewa. Ɗafin im yana nufin ciki, don haka import shi ne shigo da kaya cikin ƙasa, ex kuma yana nufin waje, sai export ya zama fitar da kaya, kamar yadda ake fitar da riɗi da citta daga Najeriya. Ɗafin trans yana nufin ƙetarewa, shi ya sa transport ya zama sufuri, ɗaukar mutane ko kaya daga wani wuri zuwa wani. Deport shi ne a ɗauke mutum daga ƙasar da yake a tasa ƙeyarsa zuwa gida. Support ya ɗan ɓoye kamanninsa, domin asalin ɗafinsa sub ne, wato ƙarƙashi, sai b ta rikiɗe ta zama p saboda maƙwabciyarta. Wanda ya tallafi abu daga ƙasa, kamar ginshiƙi da rufin soro, shi ne ya yi support, kuma daga nan ma'anar goyon baya ta samu. Report kuwa ɗauko labari ne a dawo da shi, domin re yana nufin komowa, kuma wannan kalmar ce Hausa ta ara ta mayar da ita rahoto. A ɓangaren ƙarshen kalma, er yana nuna mai aikatawa, sai porter ya zama ɗan dako, able kuma yana nuna abin da zai yiwu, sai portable ya zama abin da ake iya ɗauka a hannu, irin ƙaramar rediyon da tsofaffi ke ratayawa a kafaɗa.

Mataki na huɗu, wanda a ganina ɗalibai suka fi sakaci da shi, shi ne fitar da baƙi daga cikin dangi. Sai an buɗe ƙamus mai nuna asalin kalma kafin a yanke hukunci, domin kama da wane ba ta wane ba ce. Portrait, wato zanen fuskar mutum, ba shi da alaƙa da ɗauka, haka ma portion, wato kaso ko rabo. Kalmar port ita kaɗai, mai nufin tashar jiragen ruwa, ta fito ne daga wata kalmar Latin ta daban, portus, kuma ita ce a cikin sunan Port Harcourt da muke kira Fatakwal. Abin mamaki, sport da mutum zai yi zaton baƙo ne, ɗan gida ne, domin an gutsuro shi daga tsohuwar kalma disport, wato ɗauke hankali daga aiki zuwa nishaɗi. A ja layi a ƙarƙashin baƙin, a mayar da su ƙasan shafi tare da ma'anoninsu.

Bayan haka a saurari furuci, domin rubutu ɗaya ba ya tabbatar da sauti ɗaya. Idan import da export suna matsayin suna, ana ƙarfafa gaɓar farko, idan kuma aikatau ne, yawanci ƙarfin yana komawa gaɓa ta biyu. Wanda ya koma kan haruffan ough zai ga abin da ya fi haka, domin though, through, tough da cough kowanne da nasa furucin, kuma babu wata ma'ana da ta haɗa su, sai dai a haddace su ɗaya bayan ɗaya.

A ƙarshe, a gina jimla da kowace kalma game da abin da aka sani a unguwa ko kasuwa, a rufe shafin, a sake gwada tuno ma'anonin bayan kwana biyu. Idan sun zauna, sai a buɗe sabon shafi da haruffan spect, masu nufin dubawa, a fara da inspector, wanda Hausa ta riga ta mayar sufeto.