Ciwon Sanyin da Ya Ƙi Jin Magani: Inda Muke Kuskure

'Yar uwa, idan ƙaiƙayin gaba ya dawo miki sau 3 ko 4 a shekara guda, maganar ta wuce kemis. Amma a nan Jos sai ki ga mace ta tsaya wani kemis a Terminus ta ce "a ba ni maganin sanyi", a naɗe mata ƙwayar fluconazole ɗaya da Ampiclox, ta kama hanya. Bayan wata guda abin ya dawo.

Babban kuskurenmu, cuta biyu muke kira da suna ɗaya. Wadda ƙwayar cutar Candida (wani nau'in fungus) ke kawowa tana zuwa da ƙaiƙayi da farin ruwa mai gudaji kamar awara, ba ta cika wari ba. Ta bakteriya kuwa ruwanta tsululu ne, toka-toka, da ƙarni irin na kifi, musamman bayan saduwa. Wannan metronidazole take so na kwana 7, fluconazole ba ya taɓa ta. Shi kuma Ampiclox ɗin nan kashe ƙwayoyin Lactobacillus masu tsaron gaba yake yi, sai Candida ta samu fili.

Ita kanta Candida iri-iri ce. Albicans ta fi yawa kuma galibi tana jin magani, amma glabrata kan bijire wa fluconazole, krusei kuwa ba ta jin sa sam. Don haka ki je asibiti, ko JUTH (asibitin koyarwa na Jami'ar Jos) ko wanda ya fi miki kusa, a ɗibi ruwan da auduga a gano nau'in. A duba miki suga ma. Idan albicans ce mai yawan dawowa, likita kan ɗora mace kan ƙwayar fluconazole ɗaya duk mako har wata 6. Kada ki ajiye don ƙaiƙayi ya lafa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne matsi. Ana cusa miski, ana kurkure ciki da ruwan bagaruwa ko Dettol da sunan tsafta, alhali wurin shi ke wanke kansa. Ruwa zalla a waje ya wadatar. Sai wandon auduga, a tabbata ya bushe sarai, don a daminar Jos shanya kan kwana da laima.

In kina da juna biyu, kada ki haɗiyi fluconazole. Ki faɗa wa ungozoma a wurin awo, akwai na sakawa da ya dace da ke.