Haɗa ƙasar bonsai a Saudiyya: ta Riyad daban, ta Jidda daban

'Yan uwa masu sha'awar bonsai, wato bishiyar nan da ake rainonta a ƴar tukunya marar zurfi irin yadda mutanen Japan ke yi, yawancin wadda ke mutuwa a hannunmu a nan ba rana ce ke kashe ta ba, ƙasar da ke cikin tukunyar ce. Mutum zai shiga YouTube ya ga Bature yana cewa a haɗa akadama (wata lakar Japan) da pumis (wani dutse marar nauyi mai ƙananan ramuka) da dutsen aman wuta kashi ɗaya-ɗaya, ya kwafa yadda yake, ya manta shi wancan a garin da ake ruwan sama kusan kullum yake, kai kuma kana Riyad inda zafi ke haura digiri 45 a watan Yuli.

Abu uku ake nema a ƙasar: ruwa ya wuce da sauri, ta riƙe ɗan danshi, iska kuma ta samu hanyar kaiwa ga saiwa. Shi yasa ba a amfani da laka ko jan yashin sahara, sun yi laushi da yawa, suna toshewa saiwa ta ruɓe. Ƙwayoyi ake so masu girman milimita 2 zuwa 6, kamar daga ƙwayar dawa zuwa ta wake. Ka samu rariya ka tankaɗe duk abin da ka sayo, garin da ya zuba ƙasa ka watsar, kar ka ji asara, shi ne mai toshe ramin tukunya.

Akadama laka ce ta Japan mai dunƙule-dunƙule, tana shan ruwa ta riƙe, amma a nan tsada gare ta kuma bayan kamar shekara 2 takan farfashe ta koma gari. Ni dai a ganina ba dole bace. Jan bulo da aka gasa sosai in ka daddaka shi ka tankaɗe yana yin aiki kusa da nata. Dutsen aman wuta kuwa ai a gida muke, duk wanda ya bi hanyar Madina ya ga baƙaƙen duwatsun harra, kuma a mashtal, wato wurin sayar da shuke-shuke, in ka ce hajar burkani za a baka, sai dai ka wanke shi tas kafin ka zuba.

To ga inda garinka ke shigowa. In kana Riyad ko Madina ko Gasim, iska a bushe take, tukunya na iya bushewa kafin azahar, saboda haka ka ƙara abin riƙe ruwa: kashi 2 na akadama ko bulo, kashi 1 na dutsen aman wuta ko pumis, kashi 1 na ɓawon itacen pain (pine) ko kokofit, wato dusar ɓawon kwakwa. Kokofit ɗin ka jiƙa shi ka tsiyaye sau da yawa don wani yana zuwa da gishiri. Bitmos, wato baƙar ƙasar nan ta ruɓaɓɓun tsirrai da masu mashtal ke tura wa kowa, kuwa a yi hattara da shi, in ya bushe ƙamas ruwa baya shigarsa, zaka zuba ka ga ya bi gefen tukunya ya fita kana murna ka ba da ruwa alhali tsakiya a bushe.

Jidda da Jizan da Dammam zafi ne mai gumi, ƙasa bata saurin bushewa, nan sai ka rage ɓawo da kokofit su zama kaɗan, dutse ya fi yawa. Taif da Abha kuma akwai sanyi, Abha ma har da hazo da ruwan sama, can haɗin nan na kashi ɗaya-ɗaya zai zauna lafiya.

Irin bishiyar ma da maganarta. Kariya, wadda ake sayarwa da sunan adeniyum, a gindinta take ajiye ruwa, ita dutse take so kusan zalla, ka cika mata kokofit ta ruɓe. Zaitun da jahannamiyya, furen nan mai ƙaya da ke hawa katanga, suma basa son jiƙa. Fikas, wato dangin ɓaure, da rumman da tsamiya sun fi son danshi. Sannan ka duba kanka, in aiki baya barinka ka dawo gida sai dare, to ƙara abin riƙe ruwa ko da littafi bai ce ba, kuma ka kauda tukunyar daga ranar azahar, musamman a saman bene inda siminti ke ɗaukar zafi.

Farin abin nan da ke taruwa a bakin tukunya gishirin ruwa ne, ya fi yawa ga masu ruwan rijiya. Duk bayarwa ka zuba har ya riƙa fita ta ƙasa don ya wanke. Ruwan da ke ɗiga daga mukayyif, wato AC, yana da kyau tunda kusan babu gishiri a ciki, amma ba abinci a cikinsa, dole ka riƙa sa taki.

Gwaji kuma ba wuya, ka soka tsinken katako cikin ƙasar ka bar shi minti 10, in ya fito da danshi ka jira, in a bushe ka ba da ruwa. In kuma ka zuba ruwa ya tsaya a sama ya ƙi sauka, ƙasar ta mutu sai canji. Ka sa ƴar raga a kan ramin tukunya, ka yi canjin wajen Fabrairu ko Maris kafin zafi ya kama, sannan ka ajiye ta a inuwa sati 2 ba taki.