Yadda ake tsara inuwa a gonar gahawa

Gahawar Arabika 'yar daji ce. A ƙarƙashin manyan itatuwan kudu maso yammacin Habasha, wajen Kaffa da Jimma, ta samo asali. Shi ya sa ko a tsaunin Mambila na jihar Taraba, inda sanyi ya karɓe ta, in aka bar ta rana na dukanta tsirara sai ta zuba 'ya'ya fiye da ƙarfinta, shekara ta zagayo ka ga rassa suna bushewa daga baki.

Da farko, kafin ka ɗauki gatari, zaga gonar ka ga itatuwan da Allah ya riga ya tsirar. A nan manoma da yawa ke kuskure: sai su share komai su dasa iri ɗaya, wai gona ta yi tsaf. Bar alilliba in akwai, ganyenta kan zube ya zama taki, katakonta kuma kuɗi ne. Bar masu gyara ƙasa irin su Albiziya, waɗanda saiwarsu ke ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Itacen turare kam, ka mayar da shi bakin iyaka, don shan ruwa gare shi kamar raƙumi.

Sai ka sa ayaba tsakanin layuka. Ita za ta yi wa ƙananan shuke-shuken gahawar inuwa har shekara 3 zuwa 4 da za su fara haihuwa, ga kuma abin sayarwa kafin nan. Fiya ɗaya ko biyu ma ba laifi.

Na uku, auna inuwar. Abin da aka fi ba da shawara shi ne ta rufe kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na gonar. Ba sai da na'ura ba: tsaya da tsakar rana ka dubi ƙasa. In hasken ya sauko dabbare-dabbare kamar jikin zabuwa, daidai ke nan. In duhu ne kirim, ga danshi yana tashi, to ka yi wa cututtukan ganye da na 'ya'ya shimfiɗa, furen ma zai ragu.

Daga nan sai sassabe. Da farkon damina ka rage rassan sama, ka ɗage na ƙasa su yi nesa da kan gahawar, ganyen da ka sare kuma ka baza shi a gindinta, kada ka cinna masa wuta.