Kurakuran da ake tafkawa wajen goge tambari da tabo a hoton waya

Tun kafin a taɓa hoton wasu ke ɓata aikin, domin a kan wanda aka turo ta WhatsApp suke gyara. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kaifi. Ita kuwa manhajar gogewa, ko Snapseed ce ko Magic Eraser na Google Photos ko Object Eraser na Samsung, ɗebo launi take yi daga kewayen tabon ta cike gurbin. In kewayen ya riga ya dagule, abin da za ta liƙa ma dagulalle ne. A nemi hoton na asali, a ce mai shi ya turo shi a matsayin fayil, sannan a yi kwafi a yi aiki a kansa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne shafe tabo gaba ɗaya da jan yatsa guda. A Snapseed, girman buroshin Healing, wato na goge tabo, ba ya canzawa, hoton ne ake zuƙowa. Wanda bai zuƙo ba, yatsansa ɗaya zai rufe tabon da gefen hula da rabin kunne, sai a ga zanen Zanna Bukar ya tsiro a goshi. A zuƙo har tabon ya cika kusan faɗin yatsa, a riƙa ɗan ɗiga-ɗiga. In rubutu ne, harafi-harafi ake bi. Wanda bai yi kyau ba a koma baya nan take, kar a shafa wani a kansa, domin manhajar za ta kwaso gurɓatar farko ta ninka ta.

Masu tallan kaya a kasuwar Kantin Kwari ta Kano su suka fi shan wahala a nan. Tambari a kan sararin sama ko farin bango yana fita sumul, amma a kan atamfa ko leshi sai zanen ya karye, fure ya fito rabi, kuma mai saye ido gare ta. In tambarin a kusurwa yake, yanke hoton ya fi gogewa. Sunan wayar da Tecno da Infinix ke bugawa a ƙasan hoto ma bai kai a yi ta fama ba, a shiga saitin kyamara a kashe shi.

Ɗigon da ke fitowa wuri guda a kowane hoto ba na hoton ba ne. A goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi, musamman lokacin hunturu. In bai tafi ba, ƙura ta shiga ciki ko gilashin ya karce, aikin masu gyara ne a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano.

A fuska, ƙurji a goge, amma a bar zanen gado da tawadar Allah, kuma hoton fasfo ko na katin shaida ba a taɓa shi.

Tambarin mai ɗaukar hoton biki daban ne. Haƙƙinsa ne, wani lokaci ya sa shi ne don ba a gama biyansa ba. A cika masa kuɗinsa ya turo mara tambari.

Wajen ajiyewa, kowane sake adanawa a JPEG, tsarin da waya ta saba ajiye hoto da shi, yana cin ingancin hoton. A gama gyaran duka a zama ɗaya, a kai inganci 100 a saitin Snapseed, a fitar sau ɗaya.