Sabuwar Kyanwa a Gida: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

Damuwar takan fara ne a rana ta biyu. An kawo kyanwa, an ajiye mata abinci da ruwa, amma ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa. In an miƙa mata hannu sai ta kwantar da kunnuwa ta yi huci. Daga nan sai ka ji an yanke mata hukunci: "Wannan muguwa ce, ba ta son mutane." Abin yana damuna ƙwarai, domin a mafi yawan lokuta tsoro ne kawai ke cin ta, kuma mu muke ƙara mata shi ba tare da mun sani ba.

Kyanwar gida ta fito ne daga tsatson kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, dabbar da ke farauta ita kaɗai tana tsare yankinta. Kusan shekara 10,000 ke nan da ta fara raɓar mutane, amma wannan hali bai bar ta ba. Hankalinta yana kwanciya ne a wurin da ta sani, kuma da hanci take saninsa. A kumatunta da haɓarta da goshinta da tsakanin yatsunta akwai inda wani sinadari ke fita, wanda hancinmu ba ya ji. Duk lokacin da ta goga kumatu a ƙafar kujera, shaida take sakawa cewa nan wurinta ne. A sabon gida babu shaidarta ko ɗaya. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, balle wadda aka raba da duk warin da ta saba da shi a rana guda.

Shi ya sa kuskuren farko, wanda sauran suke biyo bayansa, shi ne a buɗe mata gida gaba ɗaya da zuwanta. Mu muna ganin karamci ne, ita kuwa fili ne mai faɗi da ba ta san ta ina haɗari zai ɓullo ba. Ka ba ta ɗaki ɗaya mai ƙofa, inda babu hayaniya. Abinci da ruwa a gefe guda, akwatin yashin da za ta yi bahaya a can ɗaya gefen, domin ba ta son ci kusa da inda take kewayawa. Ka ajiye kwali mai ƙofa da za ta ɓuya a ciki, da wani wuri mai tudu da za ta hau ta riƙa kallon ɗakin. In ta zo da tsumma ko bargon da take kwana a kai, kada ka wanke shi. Wannan tsumman da kake ƙyanƙyami shi kaɗai ne abin da ta sani a duk gidan. Turare mai ƙarfi ma a ɗaga masa ƙafa a wannan ɗaki.

Kuskure na biyu shi ne jawo ta daga maɓoyarta don a lallashe ta, ko a nuna wa yara da baƙi. Kyanwar da aka fizgo daga inda ta fake ta koyi darasi ɗaya: a gidan nan ko maɓoya ba ta da tsaro. Ka shiga ka zauna a ƙasa, ka ba ta gefe, ka yi harkarka. Kada ka zuba mata ido, don a wurinsu ƙura ido barazana ce. In kun haɗa ido, ka lumshe naka a hankali. Masu bincike a Jami'ar Sussex da ke Ingila sun nuna a 2020 cewa kyanwa ta fi kusantar mutumin da ba ta sani ba bayan ya yi mata wannan lumshewar. Wata kwana biyu ya ishe ta fitowa, wata sai ta yi makonni.

Wuri ɗaya ne haƙuri ba ya aiki, wato cin abinci. Ka riƙa duba kwanon da safe, don da yawa sai dare ya yi suke ci. In ta yi yini da kwana ba ta taɓa komai ba, ka tuntuɓi likitan dabbobi. Kyanwar da ta yi kwanaki ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse na iya taruwa a hantarta, kuma cuta ce mai kisa. Ka fara da irin abincin da ta saba, in za ka sauya ka riƙa gauraya shi kaɗan-kaɗan har tsawon mako guda.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne gidan da dama akwai wata kyanwar. Akan ajiye su gaba da gaba a ce "za su daidaita kansu". Faɗan ranar farko na iya zama gabar da za a yi shekaru ana fama da ita. Ka tuna tsohuwar ba ta gayyaci kowa ba. A ganinta an kutsa mata yanki ne. Da farko likita ya duba sabuwar, don kada ta shigo da cuta. Sannan su san juna ta hanci kafin ido: ka goga tsumma mai laushi a kumatun wannan ka ajiye a wurin waccan, ka yi haka ta ɓangaren biyu. In sun daina yi wa tsumman huci, ka riƙa ba su abinci a lokaci guda, kowacce a nata gefen rufaffiyar ƙofa. Bayan haka a buɗe ƙofar kaɗan su hangi juna, sannan gajeriyar haɗuwa kana wurin. Duk matakin da ya kawo gurnani da kora, a koma na bayansa. Wannan aikin makonni ne, wani lokaci watanni, kuma ba lallai su zama ƙawaye ba. In suna wuce juna ba tashin hankali, buƙata ta biya.

Akwai kuma zaluncin da ba ya ƙara, wanda masu gida ba su cika lura da shi ba. Ɗaya ta kwanta a bakin hanyar zuwa akwatin yashi ko kwanon abinci, tana kallon ɗayar kawai. Kai kana ganin hutawa take, alhali ta tare hanya ne. Maganinsa a rarraba kaya: kowacce da kwanonta a wuri daban, akwatin yashi kuma a ƙara ɗaya a kan adadinsu, wato kyanwa biyu akwati uku. In ka jera ukun a kusurwa ɗaya, a wurinsu ɗaya ne. Idan faɗa ya kaure kada ka sa hannu, ka zura faffaɗan kwali a tsakaninsu. Cizon kyanwa yana da zurfi kuma yana saurin ruɓewa, wanda ya same shi ya wanke da sabulu ya je asibiti.

Fitsari a inda bai dace ba shi ke sa mutane da yawa su mayar da kyanwa ko su yar da ita. Ka fara lura da yadda take yi. In tana tsaye, wutsiya a miƙe tana karkarwa, ta fesa ɗan kaɗan a bango ko labule, shaidar yanki take sakawa, kuma damuwa ce ke kawo ta: wata kyanwa a gida, ko ta waje da take hangowa ta taga. In tsugunawa take ta yi da yawa a ƙasa, a binciki akwatin, ko ya yi datti ko yana inda take jin tsoro, a kuma binciki lafiyarta. Duka, tsawa, ko goga mata hanci a wurin ba sa koya mata komai sai tsoronka, tsoron kuma shi ne tushen matsalar tun farko. Kada a goge wurin da abin wanki mai sinadarin amoniya, warinsa ya yi kama da na fitsari, sai ta dawo ta sake. A nemi abin gogewa da aka yi musamman don fitsarin dabbobi. Fiɗiya a hannun likita tana rage feshin ko ta tsayar da shi ga kusan muzuru 9 cikin 10. Amma muzurun da ke yawan zuwa akwati yana yunƙuri yana kuka, fitsari bai fita, wannan ba halin yanki ba ne. Hanyar fitsari ce ta toshe, kuma tana iya kashe shi cikin kwana biyu ko uku. A kai shi nan take.

Kartar kujera ma shaida ce, ta ido da ta wari. Ka kafa mata abin karta mai tsayi da ba ya girgiza, kusa da inda take kwana da kuma kusa da kujerar da ta zaɓa.

Wanda zai riƙa barinta ta fita waje ya jira aƙalla mako uku zuwa huɗu, in ba haka ba tana iya kama hanyar neman tsohon gidanta ta ɓata. Fitar farko ta kasance kafin lokacin cin abinci, yunwa za ta dawo da ita. Amma kafin a kai nan, ɗakin farko shi ne ma'auni. Ranar da ka shiga ta taro ka da wutsiya a sama, tana ci a gabanka, tana goga kumatu a ƙafarka da bakin ƙofa, ka buɗe mata ɗaki na biyu, ka bar na farkon a buɗe da kayanta yadda suke don ta samu wurin komawa.