Babi Na 7: Ƙera Dogon Allon Hawan Igiyar Teku Don Mai Jiki

Darasi na 1: Karanta awo

Allon da za mu ƙera shi ne dogon nan da ake hawa a tsaye a kan igiyar teku, irin na Hawai da Kalifoniya, wanda yanzu ake gani a Tarkwa Bay ta Legas da Busua ta Gana. Namu na mutum mai jiki ne, mai nauyin kilo 100 ko kusa da haka. Ana so allon ya ɗauke shi a ruwa, shi kuma ya iya ɗaukar allon a hammata ba tare da nishi ba.

A takardar awo za ku ga an rubuta 9'6". Kada ya ba ku tsoro. Ɗan zane guda a saman lamba yana nufin ƙafa, zane biyu yana nufin inci. Wato ƙafa 9 da inci 6. Inci 12 ne ƙafa ɗaya. Ku sa yatsa a kan lambar, ku faɗa da baki sau uku.

Tsawon namu ƙafa 9 da inci 6 ne, faɗinsa inci 23 da rabi, kaurinsa a tsakiya inci 3 da rabi. Wannan zai ba da cikin allo kimanin lita 85. Lita guda tana ɗaga kusan kilo guda a ruwa, saboda haka mai jiki faɗi da kauri yake bukata fiye da ƙarin tsawo. Hancin allon ya ɗago inci 5 daga ƙasa, wutsiya kuma inci 3.

Darasi na 2: Kayan aiki

Cikin allon farin soso ne mai ƙwayoyi, ɗan'uwan wanda ake zagaye sabon firij da shi a kwali. Sunansa a kasuwa EPS. Na cikin kwali ya yi laushi da yawa. Ku nemi mai nauyin kilo 30 ko 32 a kowace mita murabba'i mai zurfin mita guda, don dunduniyar mai jiki tana lotsa mai laushi tun hawan farko. Maƙera da yawa sun koma ga wannan soso ne bayan kamfanin Clark Foam na Kalifoniya, wanda yake sayar musu da wani irin soso da suke amfani da shi a da, ya rufe a watan Disamba na 2005.

Za ku bukaci siririn katako mai kaurin rubu'in inci da za a manna a tsaye ta tsakiyar soson daga hanci zuwa wutsiya. Shi ne ƙashin bayan allo. Sai ƙyallen zaren gilashi mai lamba 6, wato oza 6: shimfiɗa ɗaya a ƙasa, biyu a sama inda ake takawa. Sai zarto, samfefa mai lamba 80 da 120 da 220, salatif na takarda, faifan roba na shimfiɗa gam, buroshi, safar hannu da takunkumi.

Gam ɗin sunansa ifoksi. Akwai wani mai kama da shi, mai araha, ana ce masa foliyesta. Idan ya taɓa wannan soso narkar da shi yake yi kamar gishiri a ruwa. Ku karanta jikin gwangwani kafin ku biya kuɗi. In ba ku gane rubutun ba, ku tambaya, ba abin kunya ba ne.

Darasi na 3: Fere soso

Ku zana rabin siffar allon a kwali, ku yanke, ku ɗora a gefe ɗaya na ƙashin baya ku zana, ku juya shi ku zana ɗaya gefen. Da haka ne dama da hagu za su zo daidai. Ku yanka da zarto a wajen layi, samfefa ta ƙarasa. Hannu ya riƙa tafiya daga hanci har wutsiya, kada a tsaya ana goga wuri guda, rami zai yi. Gefuna su zama masu kauri da zagaye kamar ƙwai. Abin da aka fere ya tafi ke nan, don haka a hankali.

In kun gama, ku shafe soson da siririn kwaɓin ifoksi da garin cike rami mara nauyi. Soson da ba a toshe ba yana shan gam, allon ya yi nauyi a banza.

Darasi na 4: Haɗa gam

A nan masu koyo suke faɗuwa, don haka za mu daɗe a nan.

Ifoksi gwangwani biyu ne. Babba shi ne ruwan gam, ƙarami shi ne mai daskarar da shi. A jikin yawancin na allo za ku ga 2:1. Ana karanta shi "biyu da ɗaya". Kofi biyu daga babba, kofi ɗaya daga ƙarami. In naku ya nuna wata lamba daban, ku bi ta gwangwaninku. Ku duba kuma ko awon na kofi ne ko na sikeli, don ba ɗaya ba ne.

Shimfiɗar ƙasa za ta ci kimanin mililita 600. Raba uku: 200, 200, 200. Biyu na babba, wato 400. Ɗaya na ƙarami, wato 200. Ku ajiye kofin awo a kan tebur, ku durƙusa har idonku ya yi daidai da layin. Wanda ya leƙa daga sama zai ga ƙarya. Sannu a hankali za ku saba, hannun kowa yana rawa a karon farko.

Mu sake. In ana son 300? Babba 200, ƙarami 100. In ana son 900 na shimfiɗar sama? Babba 600, ƙarami 300. Ku rubuta waɗannan a bango da alli.

Ku juya da sanda mai faɗi minti 3 cur, da agogo a gabanku. Ku kankare gefen kofi da gindinsa, ku sake juyawa. Gam ɗin da ya maƙale a gefe bai haɗu ba, in ya sauka a allo zai zauna da danƙo har abada, samfefa ba ta cinsa, sai dai ta toshe.

Yanzu ku saurara da kyau. Kada ku ƙara na ƙaramin gwangwani wai don ya bushe da wuri. Ba ya bushewa da wuri, lalacewa yake yi. Wannan ba miya ba ce da za a ce a ƙara gishiri a ɗanɗana. An faɗa, an maimaita, amma kullum sai an sami mai cewa "ɗan kaɗan ne na ƙara". Ɗan kaɗan ɗin nan ya ci soso da ƙyalle da aikin mako guda. Biyu da ɗaya. Wanda ya auna da ido, kada ya zo yana tambayar abin da ya faru.

Da kun gama juyawa, ku zuba shi duka a kan ƙyallen. In ya zauna a kofi yana ɗaukar zafi, ya yi hayaƙi, ya daskare a hannunku, musamman a lokacin zafi.

Darasi na 5: Shimfiɗa ƙyalle

Ƙasa ake fara yi. Ƙyallen ya zarce gefe da inci 2 don a naɗe shi ya hau sama. Ku ja gam da faifan roba daga tsakiya zuwa gefe har farin ƙyallen ya ɓace, sannan ku kwashe rarar, don nauyi ce kawai. Ku yi aikin da la'asar, zafi yana sauka. Da safe iskar cikin soso tana kumbura, ta huda gam da ƙananan ƙofofi. Washegari ku goge bakin ƙyallen, ku yi sama. Sabon gam, sabon awo: biyu da ɗaya.

Darasi na 6: Shafe na ƙarshe

Ku zagaye gefe da salatif, ku shafa gam da buroshi, kimanin mililita 450 kowace fuska. Kada hannu mai maiko ya taɓa allon kafin nan. In ya bushe, a goge da 120 sannan 220, da takunkumi.

Darasi na 7: Fiffike da igiya

Fiffike shi ne ɗan reshen da ke ƙarƙashin allo, mai hana shi zamewa gefe a ruwa. A fafe ramin akwatin da zai zauna a ciki a kan ƙashin baya, kusa da wutsiya. A sa gam kaɗan, in ya taru a rami zafinsa yana narkar da soso. Haka ma maɗaurin igiyar ƙafa.

Darasi na 8: Kula

A bar shi mako guda kafin ya shiga ruwa. Kada a bar shi a rana ko a cikin rufaffiyar mota. In ya fashe, a fito da shi nan take, a bari ya bushe sarai kafin a liƙe.