Yadda ake lissafin ainihin kuɗin katin hoto da monitar wasa kafin a saya

Farashin da mai shago ya faɗa maka somin-taɓi ne. A Sakkwato wuta da zafi da ƙura duk suna da nasu kason, saboda haka ɗauki biro ka yi lissafin shekara 3.

Fara da monita, don ita ce ke yanke girman katin hoto (na'urar da ke zana hoto a cikin kwamfuta) da za ka saya, kuma takan ga bayan kati biyu. Mai 1080p tana da ɗigon hoto kusan miliyan 2, mai 1440p miliyan 3.7, mai 4K kuwa miliyan 8.3. Duk ɗigon nan katin ne zai zana shi. Nemi mai allon IPS (nau'in allo mai nuna launi da kyau) da FreeSync (fasahar kamfanin AMD mai daidaita monita da kati don kada hoto ya yage) da ramin DisplayPort na haɗa ta da katin. Tun 2019 katunan kamfanin Nvidia ma suna aiki da FreeSync, ka ga ba ka ɗaure kanka ga kamfani ɗaya ba. Monita mai allon OLED tana da kyau, amma abin da ya daɗe tsaye wuri ɗaya, kamar taswirar wasa, yakan bar mata tabo. Mai gidan gem ya bar ta.

Sai wuta, kuma nan ne kuɗin ke zurarewa. Katin RTX 3060 na Nvidia na jan wat 170, RX 6600 na AMD wat 132, RTX 4060 na Nvidia wat 115. Tsakanin 3060 da 4060 akwai wat 55. A wasan awa 5 kullum, yunit 100 ke nan a shekara, 300 a shekara 3. Ninka da abin da kake biya kan kowane yunit a mitarka. In da janareta kake, lissafin ya fi haka ciwo. Mai sola ya tuna cewa batirin ruwa na 200Ah mai bolt 12 wat-awa 2,400 yake ɗauka, kuma rabi kawai ya kamata a zuƙa in ana son ya yi ƙarko. Kwamfuta 10 a shago kuwa, bambancin ya kai wat 550 a kan inbata. Babban kati kan tilasta maka sauya akwatin wutar kwamfutar, ka rubuta kuɗinsa, ka haɗa da na sitabilaiza.

Amma kada wat ya rufe maka ido. 3060 na da ma'ajiyar hoto 12GB, 4060 na da 8GB, kuma sababbin wasanni na cika 8GB a 1440p har hoto ya riƙa sarƙewa. A 1080p dai yawanci 8GB na isa.

In katin na hannu ne, kada ka biya sai an kunna shi a gabanka na minti 30 da wasa mai nauyi, kana duba zafinsa a manhajar GPU-Z. Wanda ya haura digiri 85 a cikin hunturu ba zai jure watan Afrilu ba, lokacin da garin ke wuce digiri 40. Kasa kunne ga fankokinsa. Ƙarar gurzuwa alama ce ta sun kusa tsayawa, sai ka cire kuɗin fanka da na sabon man sanyaya da ake shafa wa katin a ciki daga tayin da za ka yi.

Garanti kuwa a rubuta shi a rasit da lambar katin, a kuma fayyace wanda zai biya kuɗin mota in sai an aika shi Kano ko Legas.

Lokacin hazo ka riƙa buɗe kwamfutar kowane wata kana hure ƙurar. Danne fankar da yatsa yayin hurawa, don iska mai ƙarfi na juya ta fiye da ƙima har ta lalace.